Farfaɗowar Harkar Baƙi a Ƙasar Sa'udiyya da Tsadar Masauki: Ina Makomar Kujerar Iyayenmu?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Mai girma shugaban wannan taro, mai girma Hakimi uban ƙasa, dagatai da masu unguwanni, malamanmu da limamanmu, shugabannin uwar ƙungiya da na rassa, 'ya'yanmu da ƙannenmu da suka taso daga Kano, Kaduna, Abuja, Ikko, Fatakwal da sauran birane, iyayenmu mata, da dukkan jama'ar da ke wannan wuri, muna yi muku barka da zuwa gida. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya sake tara mu cikin ƙoshin lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Gabatarwa

Sa'ad da kwamitin shirya taro ya nemi mu gabatar da jawabi, babu shakka ya zaci a kan makaranta za mu yi magana, domin a nan muka ƙare ƙuruciyarmu, tsakanin allo da alli. To amma wani al'amari ya sa muka sauya shawara. Kwanakin baya wani tsohon ɗalibinmu, wanda yanzu ma'aikaci ne a birni, ya kawo mana gaisuwa. Bayan an gaisa sai ya sunkuyar da kai, ya ba mu labarin alkawarin da ya yi wa mahaifiyarsa a shekarar 2019, cewa zai biya mata kujerar Makka. A lokacin kuɗin kujera kimanin Naira miliyan 1.5 ne. Ya yi ta tari, ya cika kuɗin a farkon 2020, sai annobar korona ta sauka, aka rufe hanya. A 2021 ma ba a je ba. Da aka buɗe a 2022, sai aka ce wanda ya haura shekara 65 ba zai je ba, ita kuwa ta haura. Daga nan kuɗin kujera ya kama gudu, yana bin sa a baya, har yau bai cim masa ba. Ya dube mu ya ce, "Malam, wa yake cin wannan kuɗi? Larabawa ne, ko kuwa namu na gida?"

Mun tabbata a cikin wannan zaure akwai masu irin wannan alkawari a wuyansu, kuma akwai tsofaffi a cikin lungunan garin nan da ke jira ba tare da sun furta ba. Saboda haka muka ga ya dace mu amsa tambayar yaron nan a bainar jama'a. Amsarta kuwa ba ta samuwa sai an fara duba abin da ya faru a ƙasar Sa'udiyya kanta: yadda ta mayar da karɓar baƙi babbar sana'a, yadda sana'ar ta faɗi, yadda ta tashi, da yadda tashin nata ya shafi kuɗin ɗakin kwana.

Daga rijiyar mai zuwa ƙofar baƙi

Shekaru da dama arzikin Sa'udiyya a kan man fetur ya dogara. A tsakiyar 2014 ana sayar da gangar mai fiye da Dala 100, amma kafin ƙarshen watan Janairu na 2016 ta faɗo ƙasa da Dala 30. Hausawa sun ce mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. A watan Afrilu na 2016 Muhammad bin Salman, wanda a lokacin yake mataimakin yarima mai jiran gado, ya ƙaddamar da shirin da suka kira Burin 2030, wanda manufarsa ita ce a samar wa ƙasar waɗansu hanyoyin kuɗin shiga bayan mai. Daga cikin manyan hanyoyin da aka zaɓa har da harkar baƙi. Aka sanya burin karɓar ziyara miliyan 100 a shekara, ta 'yan gida da ta 'yan waje, da kuma masu Umara miliyan 30 daga ƙasashen waje.

Kafin wannan lokaci, da wuya mutum ya shiga Sa'udiyya in ba ibada, ko aiki, ko kasuwanci, ko ziyarar dangi ta kai shi ba. A watan Satumba na 2019 aka fara ba da bizar yawon buɗe ido ta intanet ga mutanen ƙasashe 49. Aka shiga gyara wuraren tarihi, irin su Mada'in Salih da ke yankin Al'ula, da tsohon birnin Dir'iyya kusa da Riyad, da tsohuwar unguwar Jidda. Tun a 2018 jirgin ƙasa mai sauri na Haramaini ya fara aiki, wanda ya haɗa Makka da Madina ta Jidda, tafiyar kimanin kilomita 450. A shekarar 2019 baƙi miliyan 17.5 ne suka shiga ƙasar daga waje, alhazai kuwa sun kusa miliyan 2.5.

Shekarun da aka rufe ƙofa

Ana cikin wannan shiri sai annoba ta ɓulla. A ranar 27 ga Fabrairu, 2020, Sa'udiyya ta dakatar da shigar masu Umara daga waje. Da yawa daga cikinmu ba za su manta da hotunan da aka nuna a watan Maris na wannan shekara ba, ga Ɗakin Ka'aba, ga filin ɗawafi fayau babu kowa sai masu shara. Mun ga dattawan da suka zubar da hawaye a gaban talabijin a ranar. Hajjin 2020 mutane kimanin 1,000 ne suka yi shi, dukkansu mazauna ƙasar. A 2021 aka ƙara zuwa kusan 60,000, nan ma babu wanda ya zo daga waje. Yawan baƙin da suka shiga ƙasar ya faɗo zuwa kimanin miliyan 4 a 2020, ya ƙara sauka zuwa miliyan 3.5 a 2021.

Wannan musiba duniya duka ta shafa. Alƙaluman hukumar kula da yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa tafiye-tafiye tsakanin ƙasashe, waɗanda suka kusa biliyan 1.5 a 2019, sun ragu da fiye da kashi 70 cikin ɗari a 2020. Sai dai Sa'udiyya duka biyu ta sha, ga rashin baƙi ga faɗuwar farashin mai a lokaci guda. Otal-otal na Makka da Madina suka zama kango, masu shaguna suka rufe, ma'aikata 'yan ci-rani da dama suka koma ƙasashensu. Domin cike giɓin baitulmali, gwamnati ta ninka harajin sayayya sau uku, daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari, daga ranar 1 ga Yuli, 2020. Muna roƙon ku riƙe wannan batu na haraji, domin za mu dawo kansa.

Yadda harkar ta farfaɗo

An buɗe ƙofa ne sannu a hankali. A watan Oktoba na 2020 aka bar mazauna ƙasar su ci gaba da Umara, a watan Agusta na 2021 aka fara karɓar masu yawon buɗe ido da suka yi rigakafi, sa'an nan a watan Oktoba na 2021 aka cire alamomin tazara a Masallacin Harami, sahu ya koma kafaɗa da kafaɗa. Hajjin 2022 ya samu alhazai kimanin 900,000, kuma a wannan shekara kujeru 43,008 aka ba Nijeriya. A 2023 aka cire ƙa'idar shekaru, alhazai suka haura miliyan 1.8. Haka aka samu a 2024, sa'an nan a 2025 suka zama kimanin miliyan 1.67.

Mai lura zai ga cewa har zuwa 2025 yawan alhazai bai koma yadda yake a 2019 ba. Dalili shi ne Mina da Arfa da Muzdalifa wurare ne masu iyaka, kuma tuni ƙasashen Musulmi suka amince da ƙa'idar alhaji 1,000 ga kowane mutum miliyan ɗaya. A wajen Umara ne aka samu bunƙasar gaske. A 2022 aka tsawaita bizar Umara daga kwana 30 zuwa kwana 90, aka buɗe manhajar Nusuk, aka kuma yarda mai riƙe da bizar ziyara ko ta yawon buɗe ido ya yi Umara. Masu Umara daga waje, waɗanda suka ɗan haura miliyan 7 a 2019, sun kai miliyan 13.5 a 2023, suka kusa miliyan 17 a 2024.

In aka haɗa kowane irin baƙo, mai ibada da ɗan kasuwa da mai ziyarar dangi da mai yawon buɗe ido, waɗanda suka shiga Sa'udiyya daga waje sun kai miliyan 16.6 a 2022, miliyan 27.4 a 2023, da miliyan 29.7 a 2024. Wato a daidai lokacin da duniya baki ɗaya take ƙoƙarin komawa matsayinta na 2019, wanda ba ta kusance shi sosai ba sai a 2024, Sa'udiyya ta riga ta wuce nata da nisa. Burin nan na ziyara miliyan 100 an cim masa tun 2023, shekara bakwai kafin wa'adi, har aka ɗaga shi zuwa miliyan 150. Amma ya kamata a sani cewa mafi yawan wannan adadi tafiye-tafiyen mazauna ƙasar ne a cikin gida.

Kuɗin da baƙi ke bari

Baƙo ba ya zuwa hannu rabbana. Yana biyan biza, da mota, da ɗaki, da abinci, ya kuma sayi tsaraba. Lissafin Babban Bankin Sa'udiyya ya nuna cewa baƙin waje sun kashe kimanin Riyal biliyan 135 a cikin ƙasar a 2023, wato Dala biliyan 36, sa'an nan fiye da Riyal biliyan 150 a 2024, wato abin da ya haura Dala biliyan 40. A da Sa'udawa ne suka fi fita da kuɗi zuwa Dubai da Masar da Landan domin hutu, abin da suke kashewa a waje ya fi abin da baƙi ke kawo musu. A 2023 da 2024 lamarin ya juya, abin da ya shiga ya fi abin da ya fita.

Darasin da ke cikin waɗannan alƙaluma shi ne cewa hukumomin Sa'udiyya suna kallon baƙo a matsayin ginshiƙin tattalin arzikinsu na gobe. Ba zargi muke yi ba, domin kowace ƙasa tana da haƙƙin neman abin da za ta ciyar da mutanenta, kuma duk wanda ya je ya ga hidimar da ake yi wa Masallatai biyu masu alfarma, da tsabta, da ruwan Zamzam, da tsaro, ya san ba ƙaramin kuɗi ake kashewa ba. Abin nufi shi ne, ƙasar da ta karɓi baƙuncin baje-kolin duniya na 2030 a Riyad, da gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2034, ba ta da niyyar komawa zamanin masaukin araha. Wanda ke jiran farashi ya koma na 2019 kafin ya fara tari, jiran gawon shanu yake yi.

Me ya sa ɗakin kwana ya yi tsada?

Bayan kuɗin jirgi, masauki yana daga cikin abubuwan da suka fi cin kuɗin maniyyaci. Mun ga dalilai huɗu da suka haɗu suka ɗaga shi.

Na farko shi ne ƙarancin fili. Makka kwari ce a tsakanin duwatsu, kuma kowa so yake ya kwana inda zai taka da ƙafa ya isa Harami. A 2002 aka rushe tsohuwar ganuwar Ajyad, aka gina dogayen benayen nan masu agogo, waɗanda tsawon babbansu ya kai mita 601, aka kammala a 2012. Daga 2008 aka shiga rushe unguwar Shamiyya domin faɗaɗa Masallaci. A gefen yamma aka gina manyan otal-otal na Jabal Umar. Waɗanda suka yi aikin Hajji shekaru 30 da suka wuce za su tuna da tsofaffin gidajen haya da ke dab da Harami, inda talaka ke shimfiɗa tabarmarsa da ɗan abin da ya sawwaƙa. Waɗannan gidaje sun tafi, manyan otal-otal sun maye gurbinsu, masaukin mai ƙaramin ƙarfi kuwa ya ja baya zuwa Misfala da Kudai da Aziziyya, inda sau da yawa sai an hau mota.

Na biyu shi ne yawan masu nema. Ba mu kaɗai ke son ɗakin ba. Ƙasar Indunusiya tana da kujeru 221,000, Pakistan kimanin 179,000, Indiya kimanin 175,000. Waɗansu daga cikin ƙasashen nan suna kama masauki tun da wuri, su biya kuɗi hannu. Wanda ya zo a makare sai ya samu ko dai ɗaki mai nisa, ko kuwa na kusa da tsada. Kowane ɗan kasuwa a nan ya san yadda farashin rago yake a jajibirin Babbar Salla.

Na uku shi ne lokaci. Ɗakin otal haja ce da ba ta ajiyuwa, in dare ya wuce ba a kwana a cikinsa ba, kuɗin wannan dare ya tafi ke nan. Saboda haka mai otal yana sauke farashi in baƙi sun yi ƙaranci, ya ɗaga shi in sun yi yawa. Ɗakin da ake samu da sauƙi a watan Safar ko Jimada, shi ne kuɗinsa ke ninkawa sau da dama a goman ƙarshe na Ramadan. Ga kuma masu otal da suka yi kusan shekara biyu babu ciniki, ga bashin banki, ga albashi, dole su nemi mayar da abin da suka yi asara.

Na huɗu shi ne harajin nan na kashi 15 cikin ɗari da muka ambata, wanda ke hawa kan ɗaki da abinci da sauran hidimomi, tare da tashin kuɗin tantuna da ciyarwa a Mina da Arfa.

Mu koma aji mu yi lissafi

To, ko waɗannan dalilai sun isa su bayyana abin da ya sami ɗalibinmu? Bari mu ɗauki alli. Kuɗin kujera a jihohin Arewa ya kasance kimanin Naira miliyan 1.5 a 2019, miliyan 2.4 a 2022, miliyan 2.9 a 2023. A 2024 an fara sanar da kimanin miliyan 4.7, sai a watan Maris aka ce kowa ya ƙaro miliyan 1.9, duk da tallafin Naira biliyan 90 da Gwamnatin Tarayya ta bayar. A 2025 kujera ta kai kimanin miliyan 8.4. Wato cikin shekara shida ta ninka fiye da sau biyar.

Yanzu mu mayar da kuɗin zuwa Dala. A 2019 farashin gwamnati Naira 306 ne a kan Dala ɗaya. In aka raba miliyan 1.5 da 306, za a samu kimanin Dala 4,900. A 2025 Dala tana wajen Naira 1,550. In aka raba miliyan 8.4 da wannan, za a samu kimanin Dala 5,400. A cikin kuɗin 2019 akwai guzurin Dala 800 da ake mayar wa alhaji, a na 2025 kuwa guzurin Dala 500 ne. In aka cire guzuri daga kowanne, sauran ya tashi daga kimanin Dala 4,100 zuwa kimanin Dala 4,900. Ƙarin bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Da a ce Naira ta tsaya inda take a 2019, da kujerar 2025 ba ta kai Naira miliyan 1.7 ba.

Asirin yana nan: tun 1986 aka ɗaure Riyal da Dala, Riyal 3.75 a kan Dala ɗaya, ba ya motsi. Naira kuwa an sake ta a watan Yuni na 2023, ta yi ta gangara. Riyal ɗaya da yake kimanin Naira 82 a farashin gwamnati a 2019, ya koma wajen Naira 400 a 2024. Alal misali, a ce akwai ɗakin da ake biya Riyal 300 a dare, kuma mai otal bai ƙara ko sisi ba. A 2019 kuɗinsa Naira 24,600 ne, a 2024 kuwa Naira 120,000. Shaida a kan haka ita ce, da Naira ta ɗan farfaɗo a ƙarshen 2025, kuɗin da aka sanar domin Hajjin 2026 ya sauko ƙasa da miliyan 8.

Ga amsar tambayar ɗalibinmu ke nan. Masu masauki sun ƙara kuɗi, kuma ƙarin nasu ya zauna. Amma kaso mafi tsoka na nauyin da muke ji, daga raunin kuɗinmu ya fito. Kuɗin da ya ajiye a banki a 2020 yana nan cif a takarda, sai dai ƙarfinsa ne ya zube, kamar hatsin da gara ta shiga rumbunsa. Ba shi kaɗai ba ne: a 2023 Nijeriya ta cike kujerunta 95,000, amma a 2024 waɗanda suka tafi ta hannun hukumomin alhazai na jihohi kimanin 51,000 ne kawai.

Shawarwari

Da yake an ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, ga 'yan shawarwari ga 'ya'yanmu mazauna birane.

Da farko, duk mai niyya ya riƙa auna burinsa da Dala ko Riyal, ko da Naira yake tarawa. Ya tambayi kansa kowane wata shida, abin da na tara Dala nawa ne yau? Wanda ke da hali ya ajiye wani sashe a cikin abin da ke riƙe daraja, kamar dabba ko amfanin gona ko fili, bayan ya shawarci masana. Akwai kuma asusun adashin gata na Hajji da Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta ƙaddamar a Kano a 2020. Ya kamata a je a nemi bayaninsa. Ƙasar Malesiya ta kafa irin wannan asusu tun 1963, kuma da shi manoma da ƙananan ma'aikatanta suke sauke farali.

Na biyu, 'yan'uwa su haɗa hannu. Gidan da ke da 'ya'ya biyar a birni bai kamata a bar wa mutum ɗaya nauyin kujerar uwa ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A zauna a yanke abin da kowa zai riƙa bayarwa a wata, a rubuta, a kuma fara da wanda ya fi tsufa ko rauni. Abin da ya faru a 2022 ya koya mana cewa shekaru ma suna iya rufe ƙofa.

Na uku, wanda ya riga ya sauke farali, kuma yake shirin komawa karo na uku ko na huɗu alhali mahaifiyarsa ko gwaggonsa ba ta taɓa zuwa ba, muna roƙonsa ya sake tunani. Haka kuma mai son Umara ya sani ana yin ta a kowane wata. Kuɗin mutum ɗaya a goman ƙarshe na azumi yana iya ɗaukar fiye da mutum ɗaya a watannin da babu cunkoso, kuma tsoho ya fi samun sararin ɗawafi a lokacin.

Na huɗu, kafin a biya kowane kamfanin tafiye-tafiye, a tabbatar yana da lasisin Hukumar Alhazai, a nemi sunan otal a rubuce, da nisansa daga Harami, da yawan mutanen da za a sa a ɗaki, da ko akwai mota. Mun taɓa raka wani ɗan'uwanmu neman haƙƙinsa wurin wani dillali da ya ce masa masaukin yana kallon Harami. Da ya isa sai ya tarar lallai ana hango hasumiyar agogo, amma daga nisan da ya fi ƙarfin ƙafar tsoho.

Na biyar, kuma mafi muhimmanci, a guji ɓarauniyar hanya. Tsada tana sa waɗansu su tura iyayensu da bizar ziyara, da nufin su laɓe har lokacin Hajji. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum 1,301 suka rasu, kuma Ministan Lafiya na Sa'udiyya ya bayyana cewa kashi 83 cikin ɗari daga cikinsu ba su da izinin Hajji, saboda haka ba su da tanti mai sanyi, ba su da mota. A 2025 an sanya tarar da ta kai Riyal 20,000 a kan wanda aka kama, da kora, da hana shiga ƙasar har shekara 10. Araha ba ta ado, balle a kan ran mahaifi.

Kammalawa

Jama'a, kakanninmu sun yi wannan tafiya a ƙasa, ta Barno da Chadi da Sudan har gaɓar Bahar Maliya. Sukan yi shekaru a hanya, su yada zango su yi noma, su tara guzuri, su ƙara gaba, har waɗansu zuriyarsu tana Sudan zuwa yau. Ba su taɓa ɗaukar tafiyar a matsayin abin da ake shiryawa cikin wata uku ba. Jirgin sama da arhar Dala ne suka sa muka manta da haka na ɗan lokaci. Yanzu zamani ya mayar da mu ga haƙuri da tanadi irin nasu.

Malamanmu da ke zaune a nan sun sha gaya mana cewa Hajji yana wajaba ne a kan wanda ya samu iko, kuma Allah ba Ya kama bawa da abin da ya fi ƙarfinsa. Saboda haka muna kira ga iyaye da kada su ɗora wa 'ya'yansu abin da zai kai su ga cin bashin ruwa ko taɓa dukiyar amana. Muna kuma kira ga 'ya'ya da kada tsada ta zama hujjar sakin alkawari. Ɗalibin nan namu mun zauna da shi mun yi wannan lissafi a kan takarda, ya kira ƙannensa biyu, kuma sun fara tari tare. Muna roƙon ku sa su a addu'a.

 Abin da muka faɗa daidai Allah Ya amfanar da mu, inda muka yi kuskure a gafarce mu. Allah Ya kira waɗanda ba su je ba, Ya karɓi ibadar waɗanda suka je, Ya jiƙan magabatanmu, Ya daidaita tattalin arzikin ƙasarmu, Ya mayar da kowa masaukinsa lafiya.